Dole ne sai da Photoshop zan zana ƙananan ayikon?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa wa yayana ƙaramar manhajar lissafin kaya don shagonsa a kasuwar Singa, kuma ina buƙatar zana ayikon, wato ƙananan hotunan da ake dannawa a manhaja, masu girman 16x16 da 32x32. Kuɗin Photoshop na wata-wata ya fi ƙarfina. Mai gyara min kwamfuta ya ce zai zuba min fasasshe, wato wanda aka karya makullinsa don a yi amfani da shi ba biya, amma sai na kashe antibairos tukuna. Hankalina bai kwanta ba, domin da wannan laftof ɗin nake buɗe imel ɗina da bayanan cinikin shago. Akwai ta kyauta da za ta yi aikin? Ɗalibi daga Ɗorayi.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Akwai, har sai ka zaɓa. Ayikon mai 16x16 ɗigo 256 ne kacal, kowanne da hannu za ka ajiye shi, don haka ɗauko masa Photoshop kamar ɗauko tirela ne a kai buhun gero ɗaya gida.

In ta Windows kake yi, fara da Greenfish Icon Editor Pro. Ba ta da nauyi, kuma tana haɗa maka 16, 32, 48 da 256 cikin fayil ɗaya na ICO, wanda shi Windows ke nema. In zanen fiksal ɗin, wato na ɗigo-ɗigo, kake son ƙwarewa a kai, ga LibreSprite, wadda aka ɓalle daga wata manhajar zane mai suna Aseprite lokacin da ita Aseprite ta sauya lasisinta a 2016, ga kuma Pixelorama. Piskel a cikin burauza ma take aiki. GIMP, da take nan tun 1996, tana buɗe BMP da PNG da ICO duka, sai dai ta fi su cin RAM. In da ita za ka yi, ɗauki fensir, domin buroshi yana tausasa gefen layi. Wajen ƙara girman zane kuma ka sa Interpolation a kan None, in ba haka ba ya dusashe. Kada ka ajiye a JPG, tana ɓata ɗigo kuma ba ta barin bayan hoto wayam. Sannan 16x16 zana shi ake yi daban. In ka matse babban tambari ya koma haka, abin da za ka samu dabbare ne kawai.

Yanzu maganar mai gyaranka, wadda ita ta sa na fara ɗauko tambayarka. Kusan kullum sai an kawo min laftof mai wannan ciwo, kuma bakin masu ita ɗaya ne: "Ai kirak ne, fasasshe kawai, antibairos ƙarya yake yi, kowa haka yake amfani da shi." Na gaji da jin wannan magana. Ka tambayi kanka, wanda ya zauna ya fasa manhaja, ya biya kuɗin ajiye ta a intanet, ya raba wa duniya, a ina yake cin ribarsa? A cikin kwamfutarka yake ci. Umarnin farko da yake ba ka shi ne ka kori mai gadi, na biyu ka ba fayil ɗinsa izinin admin. Da ka yi waɗannan biyun, babu lungun da ba zai shiga ba.

Abin da ya fi ɓatar da mutane shi ne Photoshop ɗin yana buɗewa lafiya lau, sai su ce ai ga shi ba komai. Ɓarawon bayanai ba ya hayaniya. Cikin ɗan lokaci yake kwashe kalmomin sirrin da ka ajiye a Chrome, da kukis, wato 'yan bayanan burauza da ke riƙe ka a cikin Facebook da Gmail, da jakar kirifto in kana da ita. Da waɗannan kukis ana iya shiga asusunka ba tare da an nemi lambar da ake turo maka a waya ba. Sai ka wayi gari abokanka na kira, wai ka tura musu saƙon neman rance. A watan Mayun 2025 Microsoft ya sanar cewa cikin wata biyu ya gano kwamfutocin Windows sama da 394,000 da irin wannan bairos mai suna Lumma ya kama, kuma fasassun manhajoji na cikin hanyoyin yaɗa shi. Akwai kuma STOP/Djvu, da ke kulle fayilolinka ya nemi kuɗin fansa, a baya ya sha neman dala 980. Ka ƙaddara lissafin bashin da yayanka ke bin 'yan sari ne aka kulle.

Ba na cewa mai gyaranka mugu ne. Yawancinsu su ma ba su san abin da ke cikin filashin ba, wani ya kwafa musu daga wani, kuma filashin nan yana shiga kwamfuta bayan kwamfuta tun safe har magariba. Amma rashin sani ba ya dawo da abin da aka sace. Abin da ke ba ni takaici shi ne mutum ya karɓi kuɗin yaro ya zuba masa haɗari, alhali ga halastacciya kyauta da sauke ta bai wuce 'yan mintuna ba. Ku ji tsoron Allah, masu wannan sana'a. Kwamfutar da aka miƙo muku amana ce, akwai hotunan iyalin mutum da dukiyarsa a ciki. Haƙƙin masu manhajar ma yana nan, ko da ba ku taɓa ganinsu ba.

Ko ta kyautar, daga gidanta za ka ɗauko: gimp.org, piskelapp.com, ko shafinsu na GitHub. Ka tsallake tallan da ke fitowa a saman Google, an sha sa na bogi a wurin, ka kuma guji shafukan da maɓallin saukewa ya cika ko'ina. In kuma an riga an zuba maka fasasshen, goge shi kaɗai bai wadatar ba. Kwashe takardunka, a sake zuba Windows sabuwa, ka canja kalmomin sirri daga wayarka, sannan ka shiga saitin Gmail da Facebook ka fitar da duk na'urorin da ke ciki.