Amsa ga Hajiya mai turaren wuta: abin da ke hana shafinki fitowa a Google

Assalamu alaikum Hajiya. Na karanta tambayarki, inda kika ce kin biya an buɗe miki shafin intanet don sana'arki ta turaren wuta da humra a Kano, amma ba ya fitowa a Google sai an rubuta cikakken sunan kasuwancin, kuma wani ya yi miki alkawarin kai shi sahun farko cikin mako guda idan kika biya shi. Na daɗe ina kula da shafukan ƙananan 'yan kasuwa, daga masu ɗinki har masu sayar da kayan sola, saboda haka zan gaya miki abin da na ga yana aiki.

Mai wannan alkawari kada ki ba shi ko sisi. Kamfanin Google da kansa ya rubuta cewa babu wanda zai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya, kuma ya ce gyaran da aka yi wa shafi yakan ɗauki wata huɗu zuwa shekara guda kafin a ga amfaninsa. Irin waɗannan mutane abu biyu suka saba yi. Ko dai su sayi talla da kuɗinki, shafin ya hau sama da alamar talla a jikinsa, ranar da kuɗin ya ƙare ya ɓace, domin talla ba ta ƙara wa shafi matsayi a sakamakon bincike na kyauta. Ko kuma su sayo miki ɗaruruwan linki masu kaiwa ga shafinki daga shafukan banza, dabarar da Google ya ƙara ƙaimi wajen yaƙar ta a shekarar 2012 da wani gyara ga injin bincikensa mai suna Penguin. Wannan dabara ba ta ɗaga shafi, wani lokaci ma ta jawo masa hukunci.

Tunda shafin yana fitowa idan an rubuta sunan kasuwancin, Google ya riga ya san da zamansa. Ki rubuta site: a akwatin bincike, ki liƙa adireshin shafinki ba tare da tazara ba, za ki ga kimanin shafuka nawa ya adana. Daga nan ki buɗe Google Search Console, wato dandalin da Google ke nuna wa mai shafi yadda shafinsa ke fitowa a bincike, kyauta ne, ki sa wanda ya gina shafin ya tura taswirar shafin (sitemap, wato jerin adireshin duk shafukan da ke cikinsa) a ciki. Ina roƙonki ki tabbata da imel ɗinki aka buɗe Search Console ɗin, kuma rajistar adireshin shafin da sunanki take, domin na sha ganin 'yan kasuwa sun saɓa da wanda ya gina musu shafi, sai a wayi gari komai yana hannunsa, wahalar shekaru ta tafi a banza.

Inda nake kyautata zaton matsalarki take shi ne rubutu. Yawancin shafukan masu turare da kayan mata da na duba hotuna ne zalla: kwalabe a jere, farashi da lambar waya an rubuta su a jikin hoton, sai maɓallin WhatsApp a ƙasa. Ga idon mutum abin ya yi kyau, amma injin bincike da kalmomin da ke rubuce a shafi yake gane abin da ake sayarwa, don haka irin wannan shafi a wurinsa tamkar shago ne cike da kaya wanda ba shi da allo a ƙofa. Kowane nau'in kaya ki ba shi shafinsa daban da adireshinsa daban: humra fara, humra baƙa, turaren kajiji, na hawi, na sandal, turaren kaya, turaren tsuguno, da haɗin amare. A kowanne ki rubuta abin da kike gaya wa mai saye idan ta zo gabanki, wato abin da aka haɗa shi da shi, yadda ake amfani da shi, girman kwalbar, farashin, tsawon lokacin da ƙamshin ke yi a jikin tufafi, da yadda kike aikawa zuwa Abuja ko Kaduna ko Maraɗi. Tambayoyin da ake ta maimaita miki a WhatsApp su ne mafi darajar abin da za ki rubuta, domin duk tambayar da mutum goma suka yi miki, akwai wasu da yawa da ke yi wa Google ita ba su san da ke ba. Kada ki kwafo bayanin wata mai turare, domin idan rubutu iri ɗaya ya bayyana a wurare da yawa Google yakan zaɓi ɗaya ya nuna, kuma da wuya ya zaɓi sabon shafi.

Taken kowane shafi, wanda ke fitowa a sakamakon bincike, shi ne abu na farko da za ki gyara. Maimakon "Barka da zuwa" ko sunan kasuwancin kaɗai, ki sa irin "Humra fara a Kano, farashi da yadda ake oda", kada ya wuce haruffa 60 sosai don kada a datse shi. Don sanin kalmomin da mutane ke amfani da su, ki fara rubuta "turaren wuta" a Google ki dakata, ki karanta abin da yake ƙarasa miki. Za ki lura mutanenmu suna gauraya Hausa da Turanci, kuma galibi ba sa sa ƙugiya a haruffa idan suna rubutu a waya, saboda haka yana da kyau kowane shafi ya ƙunshi bayanin Hausa da ɗan taƙaitaccen na Turanci. Sai dai kada a cusa kalma ɗaya sau ashirin a sakin layi guda. Mai karatu zai gundura ya fita, Google ma yana ɗaukar hakan a matsayin maguɗi. Idan wani ya ce zai zuba miki kalmomi a ɓoyayyen gurbin da ake tanada a bayan shafi, ki sani tun 2009 Google ya sanar cewa ba ya duba wannan gurbin.

Abin da ya fi saurin kawo ciniki ga mai ƙaramar sana'a, a iya abin da na gani, shi ne Google Business Profile, wanda ke sa kasuwanci ya fito a taswira, shi ma kyauta ne. Google ya ce abu uku yake aunawa a nan: dacewar kasuwancin da abin da aka nema, kusancinsa da mai nema, da shahararsa. Ki cike komai, da lokutan buɗewa da hotuna na gaskiya, kuma suna da adireshi da lambar waya su zama iri ɗaya a shafinki da Facebook da Instagram. Idan a gida kike sana'ar kuma ba ki son a san ƙofarki, akwai damar ɓoye adireshin a nuna yankin da kike kai kaya kawai. Duk wadda ta saya ta ji daɗi, ki tura mata linki ki roƙe ta ta rubuta ra'ayinta, ke kuma ki riƙa amsawa, har da ƙorafi, cikin mutunci. Sayen ra'ayoyin ƙarya ya saɓa wa ƙa'idar Google, ana goge su, kuma yaudarar mai saye ce.

Sai batun waya. Google da sigar waya ta shafi yake auna shi, kuma masu sayenki da data suke shiga, sau da yawa sabis ba ƙarfi. Hoton da aka ɗauka da waya aka ɗora kai tsaye yakan kai megabait uku ko fiye, alhali idan an matse shi zai sauko ƙasa da kilobait 200 ba tare da ido ya ga bambanci ba. Ki sa adireshin shafinki a PageSpeed Insights, wato shafin Google da ke auna saurin buɗewar shafi. Ma'aunin da Google ke ɗauka mai kyau shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Ki kuma duba adireshin ya fara da https, domin tun 2018 manhajar Chrome ke nuna gargaɗin rashin tsaro a shafin da ba shi da shi, kuma mai shirin tura kuɗi ba za ta saki jiki da irin wannan ba.

Linki daga wasu shafuka yana da amfani idan na gaskiya ne, kamar daga mai kwalliyar amare ko mai shirya biki da kuke hulɗa, amma ba shi zan sa a gaba ba a yanzu.

Bayan kin yi waɗannan gyare-gyare, ki riƙa shiga Search Console ƙarshen kowane wata, ki duba kalmomin da aka nema har shafinki ya bayyana da adadin waɗanda suka latsa. Shafin da ake gani da yawa amma ba a latsawa, takensa ne ke buƙatar gyara. Kalmar da ake nema kuma ba ki da shafi a kanta, ita ce za ki rubuta a gaba. Idan alƙaluman wata na farko suka fito, ki kawo su nan mu duba tare. Allah ya sa wa kasuwa albarka.