Amsar Yaya kan maganar litiricha

Salamu alaikum. To ƙanwata, sai yanzu na samu zama na saurari saƙon naki, afuwan, tun safe nake ganinsa. Kin ce yaron naki a Turanci ba shi da matsala, nahawu ne, cike gurbi ne, auna fahimta ne, duk yana cinyewa, amma litiricha, wato adabin Turanci, ta tsaya masa a wuya, wannan zangon ma da ƙyar ya haye, shi ne kike tambaya wane ɗan littafin taƙaitawa ya fi kyau ki nemo masa. Haka kika ce ko? To ni abin da kunnena ya jiye min shi ne, yaya za a yi ya ci jarrabawa ba tare da ya karanta littafin ba. Kar ma ki ce ba haka ba ne, na san ki, na san ɗan naki.

Kafin ki nemo komai, ki ce ya kawo miki littafin da aka ba su. Kar ki buɗe, ki juya shi ta gefe ki kalli bakin takardun. Wallahi za ki ga shafi goma na farko sun yi dauɗa sun lanƙwashe, sauran kuwa fari tas kamar yau aka fito da shi daga leda. In na yi ƙarya ki dawo nan gaban kowa ki faɗa.

Su waɗannan 'yan taƙaice-taƙaicen, ba wai na ce haramun ba ne, a'a, amma abin da suke ba ka shi ne me ya faru. Wane ya so wance, wane ya kashe wane, ƙarshe kowa ya mutu. To ai mai jarrabawa ba wannan yake tambaya ba, ya riga ya san me ya faru, shekara nawa yana karantawa. Tambayarsa ta yaya ne, da don me. Ta yaya marubucin ya nuna maka mutumin nan yana da kishi, wace kalma ya sa a bakinsa, a gaban wa ya faɗe ta. Ka kawo magana, ka kawo hujja daga cikin littafin, ka yi bayanin yadda hujjar ta tabbatar da maganar. Yaron da bai shiga littafin ba ina zai samo hujja? Sannan duk ajin littafin taƙaitawa ɗaya suka haddace, mai makin ya ɗaga takarda ta farko ya ga jimla, ta biyu ita, ta talatin ita, har kuskuren ɗab'in da ke ciki sun kwafo. Ke in ke ce za ki ba da maki?

Kuma wani lokacin malamin ma bai karanta ba, nan ne abin yake min ciwo. Kin tuna labarina da malamin nan namu na aji biyar, ba zan kira suna ba, kin dai gane shi. Muna yin Romeo da Juliet, wasan kwaikwayon marubucin Ingila Shekisfiya, aka zo wajen da yarinyar, Juliet, ta fito barandarta da dare tana kiran sunan Romeo, akwai kalmar wherefore a wajen. Mutumin nan ya juya ya rubuta a allo, da manyan baƙi har ya ja layi biyu a ƙasa, wai ma'anarta ina. Wai tana nemansa ne, ina kake, ina ka shiga. Ni kuma tun daren da ya gabaci ranar na duba ƙamus, don kalmar ta dame ni, na ga ma'anarta don me, 'yar'uwar therefore ce, ɗaya tana tambayar dalili ɗaya tana ba da shi. Yarinyar ba nemansa take ba, ba ta ma san yana laɓe a ƙasa yana jin ta ba. Cewa take don me ka zama Romeo, don me duk samarin Verona sai ɗan gidan Montague, gidan da ke gaba da gidanmu na Capulet. Kuma in ka ci gaba da layukan da ke biye, duk a kan suna take magana, ya bar sunansa ko ita ta bar nata. Duk jigon wasan yana cikin kalmar nan guda ɗaya. Na ɗaga hannu, da ladabina fa, na ce malam ƙamus ya ce kaza. Ya ce shi da ƙamus wa ke koyar da ajin nan. Aka kwashe da dariya, ya ce in fita waje. Da aka zo gwaji na rubuta abin da na san shi ne daidai, ya zagaye shi da jan biro ya sa min sifili, har ya ƙara da cewa in daina taurin kai. Takardar nan na daɗe ina ajiye da ita, sai wajen tashi daga tsohon gida ta ɓace. Shekara nawa yanzu, har yau in na ji kalmar sai raina ya sosu. Kuma abin haushin, duk 'yan ajin nan sun fita duniya da cewa ina take nufi, wasu ma ƙila sun koya wa 'ya'yansu.

To bar wannan. Me nake cewa ma? Yawwa, Turancin Shekisfiya. Yara suna ganin thou da thee da thy sai gabansu ya faɗi, alhali mu ya kamata abin ya fi zo wa da sauƙi. A zamaninsa thou ta mutum ɗaya ce, kai ko ke, you kuma asalinta ta jam'i ce, ku, sai aka riƙa amfani da ita don girmamawa. Daidai yadda za ki ce wa babba kun tashi lafiya, ba ka tashi lafiya ba. Saboda haka in yana karantawa ya ga mutum yana ta ce wa wani you, you, can kwatsam ya koma thou, to wani abu ya faru, ko dai sun shaƙu ne ko kuma raini da faɗa sun shigo. Ɗan Ingila na yau sai an zaunar da shi an yi masa wannan bayanin, don su yanzu you ce ta kowa, mu kuwa a bakinmu yake kullum. Wane littafin taƙaitawa ne zai nuna masa wannan? Shekisfiya an haife shi 1616, a'a astagfirullah, 1564 aka haife shi, 1616 ya rasu, sama da shekara 400 ke nan, dole harshen ya motsa. Wasan Romeo da Juliet ma an fara buga shi tun 1597.



Abin da nake so ya yi, ya riƙa karantawa da ƙarfi. Wasan kwaikwayo don kunne aka rubuta shi, ya samu ƙanwarsa ko abokinsa su raba, kai ne wane ni ce wance, shafi biyar kullum ya isa. Fensir a hannu, duk inda ya ci karo da abin da ya ba shi dariya ko haushi ko bai gane ba ya sa alama. In ya gama fitowa ɗaya ya rufe littafin ya faɗa miki da Hausa abin da ya faru, in ya kasa to bai gane ba, ya koma. Bayan ya karanta, to a nan ɗan taƙaitawar zai yi amfani, ya duba ko ya tsallake wani abu. Kin ga ban hana ki saya ba, na dai ce ba shi ne farko ba.

Waƙa ma haka. Sonet, wata irin waƙar Turanci, ɗango 14 ce, irin ta Shekisfiya baiti uku masu ɗango hurhuɗu sai biyu na rufewa, kowane ɗango yawanci gaɓa goma, ya ƙirga da yatsa yana bubbuga tebur zai ji karin da kansa. Adon harshen da suke haddace sunayensa kamar sunan magani, duk ya san su. In kika ce masa yana gudu kamar barewa, kamantawa ce. In kika ce shi zaki ne, siffantawa. In kika ce yunwa ta kama ni ta kayar, kin mayar da yunwa mutum, mutuntarwa ke nan. Sunan Turancin kawai zai ɗora a kai, sai kuma ya faɗi aikin da adon ya yi a wajen, don nan makin yake, yawancinsu sai su ce wannan simile ce, wato kamantawa, su sa aya su wuce.

Sannan wannan da kika ce Turancinsa ba matsala, hmm. Zaɓi A B C D daban, a ba ka farar takarda a ce rubuta insha'i daban. Ina so in ga insha'insa tukuna kafin in yarda, don wanda ba ya karatu jimlarsa ba ta ɓuya, kalma ashirin ɗin nan zai yi ta juyawa.

Ki ɗauko min hoton takardarsa ta wannan zangon, gaba da baya, har inda malamin ya yi jan biro, ki turo min ta gefe ba a nan ba kar a kunyata shi. Kuma ki tambaye shi me malaminsu ya ce wherefore take nufi. In ya ce ina, ki gaya min ranar da ake ganin malamai, ni zan je.