Tambayi Likita: Rayuwa da Cutar Jijiyoyin Motsi

Tambaya: Likita, an ce mijina yana da cutar jijiyoyin motsi. Ita ce shanyewar ɓarin jiki?

A'a, malama. Shanyewar ɓarin jiki farat ɗaya take zuwa. Wannan kuwa, wadda nau'inta mafi yawa ake kira ALS, a hankali take kashe jijiyoyin da ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka. Yau sa maɓalli ya gagari yatsu, gobe ƙafa tana jan ƙasa, daga baya magana da haɗiya su yi nauyi. Kada ku yi wasa da ranakun ganin likitan jijiyoyi.

Tambaya: Ana ɗaukarta wajen jinya?

Ba a ɗauka. A cikin masu cutar, kusan mutum 1 cikin 10 ne ma ke gadonta.

Tambaya: Mahaifinmu yana ƙwarewa da ruwa, yana fashewa da kuka ko dariya ba dalili. 'Yan'uwa sun ce aljanu ne, ana yi masa hayaƙi ana ɗura masa jiƙo. Mu ci gaba?

Don girman Allah ku daina yau. Wannan tambayar ta tayar mini da hankali. Kukan da dariyar daga cutar suke, ta taɓa hanyoyin ƙwaƙwalwa da ke riƙe su, akwai kuma magani da ke rage su. Yawancin masu cutar suna ji, suna gani, suna fahimtar duk abin da ake faɗa a kansu, bakin ne kawai ya ƙi. Ku duba halin mutumin da aka danne ana yi masa ɗure, yana sane, ba ya iya cewa a bari!

Maƙogwaron da ya raunana ba ya tare hanyar iska. Abin da aka ɗura huhu yake gangarawa ya zama nimoniya, tarin da zai fito da shi ma ba shi da ƙarfi. Ga hayaƙi kuma a kan ƙirjin da ke numfashi da ƙyar, alhali gazawar numfashi ce ke kashe mafi yawan masu wannan cuta. Ku zaunar da shi tsaye lokacin cin abinci, loma ƙanana, abin sha mai ɗan kauri. Idan yana ramewa, ku yi wa likita zancen bututun abinci ta ciki tun da sauran ƙarfi. In ya kasa kwanciya rigingine, ko yana tashi da ciwon kai da safe, ko zazzaɓi ya biyo bayan ƙwarewa, asibiti nan take. Na sake faɗa, nan take.

Tambaya: Yayana ya ƙi keken guragu, kuma yana fushi in mun yi masa komai. Zai warke?

Ba zan ɓoye maka ba, ɗan'uwa, har yanzu babu maganin warkewa. Maganin Riluzole, da aka amince da shi a Amurka a 1995, watanni yake ƙara wa rayuwa. Yawanci shekara 2 zuwa 5 ake rayuwa bayan gano cutar, kodayake Stephen Hawking, masanin kimiyyar Ingila, an gano masa cutar a 1963 ya rayu har 2018. Fushin yayanka ina ganin dalilinsa. Abin da yake iyawa ku bar masa ko da zai daɗe: cokali mai kaurin mariƙi, riga marar maɓalli, ƙarfen dafawa a banɗaki. Keken ma a bari shi ya zaɓi ranar hawa, amma idan ya fara faɗuwa ku kai shi wurin masu gashin ƙashi na asibiti su duba shi ba tare da jinkiri ba.