Maigidanmu Kafinta Ya Rasu: Yaya Za Mu Yi Makokinsa, Kuma Na Wane Ne Kayan Aikinsa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni malamin makaranta ne a nan cikin birnin Kano. Shekara 6 ke nan duk Asabar da Lahadi ina zuwa shagon wani dattijo kafinta a wajen Ƙofar Na'isa ina koyon aiki. Mu 12 ne, akwai ma'aikacin asibiti, akwai ɗan kasuwa a Kwari, akwai ɗalibai. Sha'awar aikin katako ce ta tara mu, kowa da sana'arsa, kuma Baba bai taɓa karɓar ko sisinmu ba. Makon jiya Allah Ya yi masa rasuwa, aka kai shi maƙabartar Dandolo. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya 7, biyu ba su balaga ba, da yaran shago 3.

Ranar na yi kuka har wani ya ce mini rashin tawakkali ne. Yanzu mun yi shawarar a rufe shagon kwana 7, mun kuma tara kuɗi don sadakar arba'in. Ɗayanmu da ya iya sassaƙa ya ce zai fito da fuskar Baba a jikin maɗaci a rataye a shagon. Wasu kuma na son kowa ya ɗauki abu ɗaya cikin kayan aikinsa don tunawa. Ni ma akwai wani tsohon gizago da ya taɓa ce mini "wannan naka ne", amma ban ɗauka ba, yana rataye inda yake. Malam, me shari'a ta ce?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta, Ya ba ku haƙurin rashinsa.

Wanda ya ce maka kuka rashin tawakkali ne bai yi daidai ba. A shekara ta 10 bayan hijira, da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) yake cikawa, idanun Annabi sun zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu zai yarda da shi. Bukhari ya rawaito. Abin da aka hana shi ne kururuwa, marin fuska, yaga tufafi, da maganganun jahiliyya irin na "wa ka bar mu da shi". Tun da kai mai aikin katako ne, ga wani abu da ya kamata ka sani. Mimbarin Annabi kafinta ne ya yi shi, bawan wata mata daga cikin Ansaru, da itacen da aka saro a wani wuri da ake kira Gaba a bayan Madina, hawa uku. Ranar da Annabi ya bar kututturen dabinon da ya saba jingina da shi ya hau sabon mimbarin, kututturen nan ya yi kuka har mutanen masallaci suka ji, sai da Annabi ya sauko ya rungume shi ya yi shiru. Wannan mu'ujiza ce ta Annabi, ba a haɗa ta da komai. Amma in busasshen itace ya ji zafin rabuwa, ina ga mutum mai jini a jika da ya shekara 6 yana tsugune gaban malaminsa?

Sana'ar ma ba ƙarama ba ce. Muslim ya rawaito daga Abu Huraira cewa Annabi Zakariyya kafinta ne, Annabi Nuhu kuma shi ya ƙera jirgi da umarnin Allah, kamar yadda ya zo a Suratu Hud. Ku faɗi alherin Baba, ku yawaita. An wuce da wata gawa sahabbai suka yabe ta, Annabi ya ce "ta wajaba", wato Aljanna ta wajaba gare shi, ya kuma ce ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Sharaɗi dai ya zama gaskiya ce kuke faɗa.

Maganar rufe shago gajeriya ce. Rufewa ranar rasuwa don a je jana'iza abu ne mai kyau, wanda ya sallaci gawa yana da ƙiraɗi ɗaya na lada, wanda ya raka ta har aka binne ta yana da biyu. Bayan haka shari'a ba ta san makokin da ya wuce kwana 3 ba, sai matar mamaci da za ta yi takaba wata 4 da kwana 10, kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta faɗa, in kuma tana da ciki sai ta haihu. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta a shekara ta 8, Annabi ya ba iyalansa kwana 3, sannan ya zo ya ce kada a ƙara yi wa ɗan'uwansa kuka daga yau. Saboda haka kulle shago mako guda da sunan makoki ba shi da asali. Ku kuma tuna ku masu albashi ne da 'yan kasuwa, yaran shagon nan 3 kuwa sai sun buga ƙusa suke cin abinci. In an rufe ne don a ƙidaya kaya kafin hannu ya yi yawa a kansu, wannan daban, ina ma ba da shawararsa, amma yini ɗaya ko biyu ya isa, kuma da izinin magada.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, domin tambayar da ba ka yi ba ta fi waɗanda ka yi nauyi. Ka lissafa mini mata da 'ya'ya da yaran shago, ba ka ce komai ba a kan aikin mutane da ke hannunsa. Ban taɓa ganin kafintan da ya rasu shagonsa a share ba. Akwai gadon da aka haɗa ba a yi wa fenti ba, akwai ƙofar da aka auna ba a yanka ba, akwai wanda ya ba da kafin alƙalami, akwai wanda ya sayo katakonsa da kansa daga 'Yan Katako ya ajiye, akwai kuma mai katakon da Baba ya ɗauko falanki a wurinsa a kan sai an biya shi aiki zai kawo kuɗi. Galibin wannan ciniki da baki ake yinsa, littafin yana cikin kan mamaci, an kuwa binne shi da shi.

Na taɓa zama a wata ta'aziyya ta wani mai irin wannan sana'a. Rana ta uku wata dattijuwa ta aiko a kira mata babban ɗan. Tana tsaye a bakin zaure, ta rufe rabin fuska da mayafi, ta yi gaisuwa ta sake yin gaisuwa, ta kasa faɗin abin da ya kawo ta. Da ƙyar ta kwance bakin zaninta ta fito da wata 'yar takarda da ta sha ninki. Kuɗin kayan ɗakin 'yarta ne, adashe ta yi ta tara, biki saura kwana 20. A daidai lokacin ana sauke tukwanen shinkafar sadaka a ƙofar gidan. Ranar na ƙara fahimtar hadisin da Tirmizi ya rawaito, cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa.

Malamanmu na Malikiyya sun jera yadda ake fitar da haƙƙoƙi daga abin da mamaci ya bari, Shehu Halilu ya kawo jerin a ƙarshen Mukhtasar: haƙƙin da ya rataya da wani abu takamaimai kamar jingina, sai kuɗin likkafani da binnewa daidai misali, sai basussuka, sai wasiyya daga sulusin abin da ya rage, sannan magada. Katakon da wani ya kawo da kujerar da aka kawo gyara ba sa ma shiga lissafin gado, kayan masu su ne, a mayar musu. Abin da ya ɓace a hannunsa cikin kayan mutane, ƙa'idar mazhaba ita ce masu sana'a suna lamunin abin da aka ba su suka keɓanta da shi, ko da lada suka yi aikin ko kyauta, sai in an sami shaidar cewa ya salwanta ba da sakacinsu ba. Wannan lamuni na masu sana'a Ibnu Abi Zaid ya faɗe shi a littafinsa Risala. Kafin alƙalamin da ba a yi aikinsa ba kuwa bashi ne a wuyansa: ko a mayar da kuɗin, ko a ƙarasa aikin in mai shi ya yarda da hannun wani. In ya ce shi hannun Baba ya saya, ba a tilasta shi, a yi lissafin abin da aka yi a mayar masa da saura.

To ga ku mutum 12 da kuka iya riƙe zarto, ga kuɗi a hannunku. Hukuncina shi ne kuɗin nan su fara shiga nan. Ba wajibi ba ne a kanku, tun da ku ba magada ba ne, amma babu kyautar da za ku yi masa da ta kai wannan. An kawo wata gawa Annabi ya tambaya ko akwai bashi, aka ce dinari 3, ya ce ku sallaci mutuminku, sai da Abu Ƙatada ya ce ya ɗauke bashin sannan Annabi ya yi masa salla. A riwayar Imamu Ahmad, da Abu Ƙatada ya zo ya ce ya biya, Annabi ya ce yanzu ne fatarsa ta yi sanyi. Ku sa a yi sanarwa a masallacin unguwa, ku je wajen masu katakon da yake hulɗa da su, ku zauna da babban yaron shago ku rubuta komai a takarda gaban magada.

Sadakar arba'in, na san malaman garin nan ba bakinsu ɗaya ba a kanta. Wasu na ganin addu'a ce da ciyarwa, dukkansu kuwa alheri ne. Wasu na ganin ƙayyade uku da bakwai da arba'in ƙari ne a addini. Abin da ba a yi saɓani a kai ba shi ne sadaka tana isa ga mamaci, Sa'adu ɗan Ubada ya yi wa mahaifiyarsa da izinin Annabi, kuma babu nassin da ya ware waɗannan ranaku. Sunna ma a kai wa gidan mutuwa abinci ne, kamar yadda Annabi ya yi umarni a yi wa iyalan Ja'afar, Jariru ɗan Abdullahi kuma ya ce suna lissafa taruwa a gidan mamaci da dafa abinci bayan binnewa cikin kukan mutuwar da aka hana. Ni abin da na rinjayar shi ne ku yi sadakarku duk ranar da ta sawwaƙa, kada ku jira arba'in. Kada kuma wannan ya zama abin faɗa tsakaninku da iyalansa in su sun ga za su yi. Iyaka dai ko ƙwayar shinkafa kada ta fito daga dukiyar da ƙananan marayu ke da rabo a ciki.

Wannan ƙa'ida ita ce ta amsa maganar kayan aiki. Daga lokacin da ransa ya fita, gudumar da ke shagon da injin yankan katako duk sun zama na magada bayan biyan bashi. Matarsa tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, saura na 'ya'ya, in babu iyayensa a raye. In uwar gida ko babban ɗa ya ce "ku ɗauka, ai ku ma 'ya'yansa ne", kunya da karamci ne suka yi magana, kuma izininsa bai wuce rabonsa ba. Yaran nan biyu babu mai ikon kyautar da nasu, aya ta 10 ta Suratun Nisa'i kuwa ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke zubawa a cikinsu. Mai son abin tunawa ya bari a yi wa kayan kuɗi, ya saya da farashinsa ko fiye. Ku ma fara tambaya ko cikin 'ya'yan akwai mai son ci gaba da shagon, kada ku wawashe masa jari da sunan ƙauna.

Gizagonka kuwa, Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. A Risala, kyauta ba ta cika sai an karɓe ta, in mai kyautar ya rasu kafin a karɓa ta koma gado. In yana da lafiyarsa ya faɗa maka, kai kuma ka bar shi a rataye har ya cika, ya zama na magada. In kuwa a ciwon ajali ya faɗa, ko ya ce "in na mutu naka ne", to hukuncin wasiyya ne, ana fitar da ita daga sulusi tun da kai ba magaji ba ne, amma sai da shaidu ko amincewar magada. Hanya mafi sauƙi ka gaya musu yadda kuka yi, ka biya kuɗinsa. Tsohon gizago nawa yake?

Sassaƙa fuskarsa kada a yi. Wani mutum ya zo wa Ibnu Abbas ya ce da hannunsa yake ci, surori yake yi. Ibnu Abbas ya karanta masa gargaɗin Annabi a kan masu yin surar abu mai rai, da ya ga hankalin mutumin ya tashi ya ce in ba makawa ka yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Gaskiya ne a mazhabarmu haramcin da babu ja a kansa yana kan sura mai inuwa, wato mai jiki irin na gunki, mai cikakkun gaɓoɓi, kuma fuska kaɗai ba ta kai nan ba. Abin da ya sa na hana a nan shi ne manufar: a rataye don girmama mutumin kirki da ya rasu, a wurin da ya saba zama. Wadda da Suwa'a da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra da aka ambata a Suratu Nuh mutanen kirki ne, aka kafa surorinsu a majalisunsu don tunawa, da zamani ya juya aka bauta musu. Ba na zarginku da wannan, amma ƙofa ce da shari'a ta rufe tun daga nesa.

Abokin naku ya ajiye maɗacin nan ya yi makara da shi a kai masallacin da ba shi da ita, ko kantar ajiye Alƙur'anai, ko ku haɗu ku yi wa wata Islamiyya bencina da niyyar ladan ya je wa Baba. Muslim ya rawaito cewa aikin ɗan Adam yana yankewa in ya mutu sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Asalin ilimin da ake nufi na addini ne, amma ina kyautata zaton wanda ya koyar da sana'ar halal don Allah ba zai rasa rabo ba. Yaran shagon nan 3 ba su gama koyo ba. Ku duba wanda zai karɓe su cikin abokan sana'arsa, ku kuma ranakun Asabar ɗinku ku fara da aikin wanda bikinsa ya fi kusa.

Wallahu a'alam.