Ku Tambayi Anti: Shin rasberi yana warkar da ciwon suga?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina aikin girki a wani gida a Ikoyi, uwargidan kuwa ba ta rabuwa da wasu 'ya'yan itace jajaye ƙanana da ake kira rasberi. An turo mana a WhatsApp wai suna warkar da ciwon suga, har ma da cutar kansa. Mahaifiyata na Agege, shekara 6 ke nan tana fama da suga. Da na ga kuɗin ɗan mazubi ɗaya a kanti sai da gabana ya faɗi. In daure in riƙa saya mata?

Mai karatu daga Agege

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba Mama lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri.

Rasberi abinci ne mai kyau, ba zan rage masa komai ba. A giram 100 ɗinsa kalori 52 ne kacal, sukarin ciki bai kai giram 5 ba, harzarsa kuwa ta kai giram 6.5. Harza ita ce ɓangaren abincin da ciki ba ya narkarwa, kuma ita ke hana sukari rugawa cikin jini lokaci guda. Shi ya sa ya dace da mai suga. Ga bitamin C kimanin miligiram 26.

Amma warkarwa? A'a. Yawancin binciken da aka yi kan sinadaransa da cutar kansa a ɗakin gwaji aka yi shi, ko a kan dabbobi. Saƙonnin nan suna tayar min da hankali, don sai tsohuwa ta ji ta ajiye maganinta. Don Allah kada Mama ta daina shan nata ko na kwana ɗaya.

Tsadar kuma ba ta magani ba ce, ta hanya ce. Shukar ƙasar sanyi ce, Rasha da Meziko da Sabiya na cikin manyan masu nomanta, mu sai an yi mana dakonta daga waje cikin sanyi. Ko a firji, kwana biyu zuwa uku ya fara fumfuna. Ki haɗa wannan da ɗauke-ɗauken wuta da zafin Legas.

Da ni ce, gwaba zan saya. A giram 100 ɗinta, harzarta giram 5.4 ce, kusa da ta rasberi, bitamin C ɗinta kuwa ya haura miligiram 200, ninki takwas ke nan ko fiye. Sai dai ta kusa ninka shi sukari, don haka guda ɗaya matsakaiciya ta isa a zama ɗaya, a ci da ɓawonta, kada a matse ta a sha ruwan. Ki haɗa mata da yalo da kokwamba, duk suna nan jibge a kasuwar Mile 12. Jan launin rasberi da ake ta yabo ma, danginsa ne ke cikin zoɓo, sai dai a sha shi ba tare da an zuba sukari ba. In tana shan maganin hawan jini, ku tambayi likitanta kafin ta mai da zoɓo abin shan kullum, domin shi ma yana sauke hawan jini.

Ranar da uwargidanki ta ba ki rasberin, ki karɓa ki kai wa Mama a ranar. Kada ki wanke sai za a ci, ruwa na saurin lalata shi. Cikin tafin hannu ɗaya a kindirmo marar sukari ya wadatar, bayan awa 2 ki gwada sugan nata.