Tsohuwar taswirar hamadar Oregon: a dogara da ita?

Ka tambaya ko tsohuwar taswirar USGS (hukumar binciken ƙasa ta Amurka) ta yankin kiwon shanu na Harney, kudu maso gabashin Oregon a Amurka, za ta iya kai ka inda tsofaffin rijiyoyi da garke suke. Za ta kai ka kusa, amma kar ka dogara da ita kan ruwa ko hanya. Tudu da kwari ba sa tashi, don haka layukan tsayi na dutsen Steens da hamadar Alvord har yau daidai suke. Ka sauke ta kyauta a TopoView, shafin intanet na USGS, ka nemi mai ma'aunin 1:24,000 in akwai, ta fi fayyace komai.

Sharaɗi ɗaya: duba ƙasan takardar. Yawancin tsofaffin an zana su ne kan NAD27, wani tsohon tsarin auna matsayin wuri, GPS ɗinka kuwa tsarin WGS84 yake bi, sai ka canza saitin, in ba haka ba ka sauka nesa da wurin. Ni na taɓa bin alamar maɓuɓɓuga, na iske kwamin shayarwa ya tsage, cike da ƙura, ga ƙofar shingen waya a kulle da kwaɗo, gonar wani ce yanzu. Ka cika jarka kafin ka bar Burns, babban garin yankin.