Noma hukunci ne a kan Adamu?

Tambaya: Malam, a cocinmu a Zuru wani ya ce noma hukunci ne, wai a gonar Aidan ci kawai Adamu yake yi. Haka ne?

Amsa: 'Yar'uwa, ya sake duba Littafin Farawa 2:15. Tun kafin zunubi Allah ya sa Adamu ya noma gonar, ya kula da ita. Tanadi kam an yi masa: kogi na shayar da gonar, ya rabu huɗu, har da Yufiretis, an kuma ce ya ci daga kowane itace, ban da na sanin nagarta da mugunta. Abin da ya ƙaru a 3:17-19 shi ne ƙaya da sarƙaƙiya da gumin goshi.